Ɗiyar mai wankau ta zama lauya: ta zauna Yamai ko ta komo Damagaram?

Wasiƙar wannan makon daga Yamai ta zo, amma mai ita 'yar nan Damagaram ce. Na cire sunanta da na ƙauyensu kamar yadda ta roƙa, na kuma taƙaita maganar.

"Inna, ina gaishe ki da aiki. Shekaruna 29. Mahaifina ya rasu a 2005, shekarar yunwa, ina 'yar shekara tara. Ba a kai ga sadakar arba'in ba sai da baffana ya shiga gonarmu da ke wani ƙauye wajen Mirya, ya ce bashi yake bin marigayi. Babu takarda, babu shaida. Mahaifiyata ta je gaban mai gari sau biyu, ta kasa magana, ta dawo tana kuka. Ta kwashe mu mu huɗu, ni da ƙannena maza biyu da auta tana goye, muka shigo Damagaram muka kama ɗaki ɗaya a Garin Malam. Ita wankau da surfe, ni tallan ƙosai kafin lakwal, da yamma layin famfo. Wani mushe, malaminmu na lakwal, shi ne ya yi tsaye har aka samo mini takardar haihuwa na zauna jarrabawa. Allah ya taimake ni na karanta shari'a a jami'ar Abdou Moumouni, yanzu ina shekara ta biyu ta koyon aikin lauya a wani ofis a Yamai.

"Maigidana na ofis ya ce in na gama zai riƙe ni, kuma albashin da ya ambata ko a mafarki ban taɓa ganinsa ba. Amma zuciyata tana gida. Tun ina talla na yi wa kaina alkawari zan tsaya wa mata irin mahaifiyata. Ina tunanin in ajiye komai in shiga jarrabawar alƙalai, ko in koma Damagaram in riƙa kare marasa ƙarfi. Da na gaya wa mahaifiyata sai ta ce, 'Ke wahala ba ta ishe ki ba?' Ta kwana biyu ba ta ɗaga wayata ba. Har yanzu a gidan haya take. Ƙanena ɗaya kabu-kabu yake yi, ɗayan ba aiki, auta tana karatu.

"Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. In na rufe ido na ga kaina a kujerar alƙali, baffana nake gani tsaye a gabana. Kuma cikin abokan aikina na Yamai ba wanda ya san na taɓa ɗaukar faranti a kai. Inna, butulci ne in bar kuɗin nan? Me zan yi?"

Ɗiyata, Allah ya gafarta wa mahaifinki, ya saka wa mahaifiyarki da Aljanna, ya yi wa mushen nan albarka duk inda yake. Ki komo gida, Damagaram tana bukatarki. Sai dai ba bana ba, ba hannu rabbana ba, kuma ba ta kujerar alƙali ba tukuna. Na yi shekaru masu yawa ina zaune ƙasan wannan kujerar ina rubuta abin da ake faɗa kafin in ajiye aiki, don haka yawancin abin da zan gaya miki da idona na gan shi.

Matan da kike son tsaya wa, tun daga takunsu nake gane su. Tana isowa ƙofar ɗakin shari'a sai ta cire takalmi, kamar za ta shiga zauren sarki. A nuna mata benci, ta durƙusa a ƙasa. In an ce ta kawo takardunta sai ta kwance bakin zane ta fito da baƙar leda, cikinta wata ledar, cikinta takarda ɗaya da ta sha ninki har ta tsage gida huɗu. Sau da yawa ma ba ita ake nema ba, katin rigakafin yaro ne ko rasit ɗin harajin mijinta. Alƙali ya yi tambaya da Faransanci, tafinta ya juya mata, ta ce "to". A sake tambaya, ta ce "to, ranka ya daɗe". Ni na san wannan "to" ɗin ladabi ne kawai da tsoro, amma a rajista "ta amince" ake sawa. Hannuna ya rubuta haka ba sau ɗaya ba, kuma har yau in na tuna sai barci ya ƙaurace mini.

Mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga nan. Alhali Damagaram tana da babbar kotu, tana da kotun ɗaukaka ƙara wadda shari'o'i ke zo mata har daga Diffa. Mai hali yakan ɗauko lauya daga Yamai, ya biya masa kuɗin hanya da masauki. Marar hali ya tsaya shi kaɗai. Wannan ƙarancin ne ya sa doka ta yarda a naɗa masu karewa waɗanda ba lauyoyi ba ne, mutanen kirki da aka ba ɗan horo, su tsaya wa wanda ake tuhuma. Suna iyakar ƙoƙarinsu, amma ba su yi shekarun karatun da kika yi ba.

Ki sake buɗe dokar 14 ga Disamba 2011 da ta kafa ANAJJ, hukumar ba da taimakon shari'a kyauta. Cikin waɗanda ta ce a taimaka musu ba sai sun kawo shaidar talauci ba, akwai yaran da ake tuhuma, da naƙasassu, da matan da aka ci zarafinsu, da matar da ke neman kuɗin ciyarwa ko riƙon 'ya'ya ko rabon gado. Rabon gado, ɗiyata. Shekara shida bayan mahaifiyarki ta dawo daga gaban mai gari tana kuka aka yi wannan dokar. Yau ga ta a takarda, ga ofisoshinta a manyan kotuna, amma ki shiga Garin Malam ko Kara-Kara ki tambayi matan da ke layin famfo ko sun taɓa jin sunanta. Haka aka yi da dokar bauta: tun 2003 ta zama laifi a ƙasar nan, amma Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12, sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyi suka tsaya mata kafin kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ba ta gaskiya ranar 27 ga Oktoba 2008, ta ce gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Dokar tana nan duk tsawon shekarun, mai ɗauko ta ya kai gaban alƙali ne babu. Saboda haka niyyarki ba ƙuruciya ba ce, kuma kada kowa ya ce miki wauta ce.

To amma kafin matan gari akwai mace ɗaya, wadda ta fi kowa haƙƙi a kanki. "Wahala ba ta ishe ki ba?" ba maganar kwaɗayi ba ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Matar nan shekara ashirin hannunta yana cikin ruwan sabulun gidajen mutane, a garin da ruwan kansa sai an yi layi ko an saya wajen 'yan garuwa. Yanzu ta hango inuwa, sai ga ki kina cewa za ki koma rana. Ke kin ce "zan yi wa jama'a aiki", ita kuwa abin da ya shiga kunnenta shi ne sallamar mai gida a ƙofa ƙarshen wata, ba a haɗa kuɗin haya ba.

Kada ki je mata da wa'azi kan taimakon talaka, ta fi ki sanin talaka. Ki je mata da lissafi. Ki ɗauki takarda ki rubuta jaka-jaka: haya nawa, buhun hatsi nawa da kaka, nawa in bazara ta yi nisa, ruwa, wuta, magani, kuɗin karatun auta har ta gama. Abin da ya fita shi ne nauyin da ke wuyanki kowane wata, ko a ina kike. Duk hanyar da ba za ta iya ɗaukarsa ba, ki jingine ta zuwa wani lokaci, komai kyanta. A cikin lissafin ki sa ƙannenki maza, don yanzu ba yara ba ne. Mai kabu-kabu ya ɗauki ruwa da wuta, ɗayan a nema masa sana'a da ɗan jari, a gaya masa sau ɗaya za a ba shi. Na lura 'yan fari mata da suka tashi cikin maraici sukan saba ɗaukar kayan kowa, har su manta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kika bar mahaifiyarki tana ɓuya wa mai gidan haya kina can kina kare wasu kyauta, wannan kam butulci ne. In kin rufa mata asiri sannan kika zaɓi aikin da kuɗinsa bai kai ba, babu mai kiranki butulu sai wanda ya sa ido a aljihunki.

Shekara ɗaya ta rage miki. Ƙa'idar da ƙasashen UEMOA, masu kuɗin sefa na Afirka ta Yamma, suka amince da ita a 2014 shekara uku ta yanka wa mai koyon aikin lauya kafin a sa sunansa a babban jerin lauyoyi. Wanda ya ci biyu ya bar ɗaya, biyun ma ya zubar. Ki gama. Ni a ganina ma ki karɓi tayin maigidanki na shekara ɗaya ko biyu, amma ki gaya masa gaskiya tun farko cewa gida kike nufi, kuma ki sa wa kanki rana. Rana rubutacciya, wadda mahaifiyarki ta sani, wani babba da kike jin nauyinsa ma ya sani, don Yamai tana da daɗin zama ga mai albashi. Na san waɗanda suka ce "shekara biyu kawai", furfura ta same su a can. Cikin wannan lokacin abu ɗaya za ki sa gaba: ɗan fili ko ɗan gida da sunan mahaifiyarki, da takardunsa cikakku, wanda ba baffan da zai ce yana bin bashi a kansa.

Kin haɗa alƙalanci da lauyanci kamar ƙofa ɗaya ce, alhali kowace da inda take fita. Alƙali ma'aikacin gwamnati ne, ba shi ke zaɓar garin da zai zauna ba. Kina iya cin jarrabawa, ki gama makarantar horar da alƙalai, a tura ki Gaya ko Bilma, Damagaram sai da hutu. Ba a haɗa kujerar da rigar lauya. Sannan alƙali ba ya tsaya wa kowa, aikinsa ya saurara ya yanke. Alkawarin da kika yi da faranti a kai na tsayawa ne, kuma mai tsayawa lauya ne. Baffanki kuwa ba zai taɓa zuwa gabanki ba, kin fi ni sanin doka ta hana alƙali zama kan shari'ar danginsa.

Duk da haka mafarkin nan ya fi maganar kuɗin damuna, kuma na gode da kika faɗe shi. Ba na ganin laifinki. Yarinyar da aka raba da gonar ubanta tana 'yar shekara tara dole wuta ta zauna mata a ciki, kuma wutar nan ce ta riƙa tashinki da asuba, ita ta kai ki jami'a. Abin da nake tsoro shi ne, baffanki ba zai zo ba amma masu kama da shi kullum za su zo: dattijo da babbar riga da carbi, yana jayayya da matar ɗan'uwansa. Kafin ya buɗe baki ke a ranki kin riga kin san shi.

Na taɓa aiki da wani alƙali matashi, shi ma maraya ya tashi, mutumin da ko goro ba ya karɓa. Wata rana wata mata da mijinta ya rasu ta kawo ƙarar wan mijin, ta ce ya cinye garkar marayu. Ta yi kuka har ni sai da na share ido da gefen mayafi. Shi kuwa Alhajin ga jiki ga tsawa, irin mutumin da zuciya ba ta so a ce shi ke da gaskiya. Ina kallo alƙalin yana katse shi tsakiyar magana, ita kuwa yana barinta ta yi tsawonta. Ɗaya daga cikin dattawan nan biyu da ke zama kusa da alƙali don sanin al'ada shi ya sunkuya ya roƙa a ɗaga zaman, a kira mai unguwa da maƙwabtan garkar. Da suka zo sai ta bayyana marigayin ya sayar wa wansa garkar tun da ransa, gaban shaidu huɗu, ya yi jinya da kuɗin. Shekara uku kuma Alhajin ne ke aika wa marayun hatsi, bai faɗa ba don yana ganin gori ne. Matar ba muguwa ba ce, tsoron gobe ne ya kawo ta. Bayan an tashi alƙalin ya kira ni ofis. Ya daɗe yana juya alƙalami a hannu, sannan ya ce da ya yanke a zaman farko da ya zalunci mutumin nan, kuma da ya koma gida yana jin ya yi aikin lada. Wannan na biyun shi ya fi ba shi tsoro.

Allah da ya halicce mu ya san wannan raunin. A aya ta 135 ta suratun Nisa'i, inda ya ce a tsaya da adalci ko da a kan kai ko iyaye ko dangi, sai ya ƙara da cewa ko mutumin mawadaci ne ko matalauci, Allah ne mafi cancanta da su. Mukan ji gargaɗin kan mawadaci mu wuce na matalauci, alhali tausayi ma yana karkatar da ma'auni. A suratul Ma'ida aya ta 8 ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa a ƙi yi musu adalci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Naki fushin shekararsa ashirin, ba irin wanda ake ɗaga zama a sha ruwa ya wuce ba ne.

Shi ya sa na ce lauya tukuna. Lauya an yarje masa ya ɗauki ɓangare a fili, akwai wani a ɗaya gefen, akwai alƙali a tsakiya yana tacewa. A nan zafin zuciyarki zai yi aiki ba tare da ya ƙone kowa ba. A nan kuma wahalar da kika sha za ta ba ki abin da ba a koyarwa a jami'a. Ke kin san "to" ɗin nan. Kin san mace ba za ta faɗi abin da surukinta ya yi mata gaban maza ba sai an ja ta gefe an zauna a tabarma ɗaya. Kin san in ta ce "ba komai" daga nan maganar ta fara. Tun watan Maris na 2025 an rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma takardun shari'a da Faransanci ake yin su, kuma ke kina da harsunan biyu ba tafinta a tsakani. In shekaru sun tafi kika ga kina iya sauraron dattijo mai babbar riga har ya kai aya cikinki bai ɗauki zafi ba, ki nemi kujerar, zan fi kowa murna. Ki dai binciki ƙa'idar shekarun shiga jarrabawar tun yanzu, kada ta wuce ki ba ki sani ba.

Gonar kuma a fito da ita daga mafarki a kai ta inda ake warware irinta. A rabon gado na Musulunci, wanda shi mutanenmu ke bi, matar mamaci mai 'ya'ya tana da ɗaya bisa takwas, iyayensa in suna raye suna da nasu kason, saura na 'ya'ya ne. Ɗan'uwan mamaci ba ya gado inda akwai ɗa namiji, ku kuwa kuna da biyu. Bashi gaskiya ne ana biyansa kafin a raba gado, amma mai da'awa shi ke kawo hujja, kuma gwargwadonsa ake biya, ba mutum ya shiga gona da kansa ya yi ta girbe ta shekara ashirin ba. Hanyar kin san ta a littafi: a fara gaban mai gari, in ta gagara a je gaban sarki. Su sulhu doka ta ba su, don haka a tabbata an rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, da ita ake zuwa kotu. In an daidaita, a je kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, wanda ake kira Kofo, a karɓi takardar shaidar mallaka. Abin da littafi ba zai gaya miki ba shi ne shaidunku tsofaffi ne. Maƙwabtan gonar da suka san iyakarta, da waɗanda suka halarci zaman mai gari a 2005, kowace shekara ana rage ɗaya. Wannan kaɗai ne a duk maganarmu ba ya jiran shekara biyu.

Sai dai ki fara tambayar mahaifiyarki, don gonar ba taki ke kaɗai ba ce. Mai yiwuwa ta ce a tashi a nema. Mai yiwuwa ta ce ta bar wa Allah, ba ta son a tone abin da zai raba ku da dangin ubanku, ga auren auta yana tafe kuma su ne waliyyai. In ta faɗi haka ki saurare ta da kyau kafin ki ba da amsa, ƙannenki ma su faɗi nasu, tunda haƙƙinsu ne. In an yanke a nema, ki ba wani lauya ya riƙe, ke ki zauna a benci a matsayin ɗiyar marigayi. Kuma ki shirya ranki, domin za ki iya jin abin da ba ki zata ba. Kina 'yar shekara tara lokacin, shekarar yunwa ce, mutane da yawa sun ci hatsin bashi. In ya tabbata mahaifinki ya ci, a biya masa, sauke masa nauyi ne a kabarinsa.

Za ki ce da me lauya zai ci abinci a Damagaram in talakawa yake karewa. Garin nan ba na talakawa kaɗai ba ne. Akwai 'yan kasuwar Dole da masu manyan motocin Kano da Agadas, akwai 'yan kwangila, akwai masu rikicin haya da na bashi da na filaye, akwai harkokin da suka ƙaru tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011. Mutanen nan yanzu Yamai suke aikawa neman lauya. Ki yi wa maigidanki tayi tun kina wurinsa: duk shari'ar da ofis ɗinsa ke da ita a kotunan Damagaram ke za ki riƙe, ya huta da doguwar hanya. Dokokin kasuwanci na OHADA da kike koya a wurinsa su za su ciyar da ke a nan, kada ki raina su don ba su ne burinki ba. Mai kuɗi ya biya cikakke, da kuɗinsa za ki sayi lokacin da za ki ba mai leda a bakin zane. Ki kai sunanki ofishin ANAJJ, amma abin da ake ba lauyan da aka naɗa ba kuɗin riƙe gida ba ne, kada ki sa shi a lissafin mahaifiyarki.

Ki ware rana ɗaya a mako ta masu zuwa hannu sake, kuma ki tsaya a kanta. In ba haka ba ƙofarki za ta cika tun asuba, don a garinku kike, kowa ya san ki tun kina ƙarama, kowa kuma zai ce shi ya riƙa sayen ƙosanki. Cikin wannan ranar ki riƙa leƙa gidan kaso. Akwai masu jiran shari'a da abin da ya rage musu kawai wani ya ɗauki takardarsu daga wannan tebur zuwa wancan, akwai yaran da doka ta ce a kai su gaban alƙalin yara, kuma wanda bai kai shekara 13 ba ba a hukunta shi hukuncin laifi. Ƙa'idar nan ta UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar kasancewa tare da mutum tun daga lokacin da aka kama shi, yawancin mutanenmu ba su san da haka ba. Rabin sa'a a gidan rediyo da Hausa, kina bayyana irin waɗannan, zai kai inda ƙafarki ba za ta kai ba.

Batun farantin talla, ba dole ki yi shela a ofis ba, sirrinki ne. Amma ki daina ɗaukarsa kamar abin kunya. Kunyar tana kan wanda ya sa maraya talla. Ranar da wata ta durƙusa a ofis ɗinki ta kasa magana, ki gaya mata a unguwar da kika yi talla da nawa ake sayar da ƙosai a lokacin, ki ga yadda bakinta zai buɗe.

Hutunki na gaba ki zo gida da takardar lissafin. Kada ki ta da maganar ranar da kika sauka. Ki bari sai bayan isha'i, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ƙannenki sun fita fada. Ki fara mata da watan da za ta daina biyan haya, da shekarar da auta za ta gama, sannan ki faɗi ranar da kike son komowa. Washegari ki roƙe ta ta raka ki kotu, ku zauna a bencin baya na sa'a ɗaya lokacin da ake shari'ar gado. Ba sai kin ce mata komai ba. Ki rubuto mini abin da ta ce a hanyarku ta komawa gida.